Wasiƙa zuwa Katsina: kafin ka biya kuɗin kwamfiresa

Aminina,

Ya sanyi? Mu nan Kano hazo ya sauka, kowa ka gani da tari.

Saƙonka ya iso kan ɗan injin gurzar ƙarfen nan mai aiki da iska da aka yi maka tayinsa da araha. Kada arahar ta ba ka tsoro, ai babu wani abin kuɗi a cikinsa: 'yan fikafikai ne da iska ke turawa, sai boris, sai bakin da ke kama ƙotar dutse. Babu kwayil da zai ƙone. In ka danne shi da yawa ya tsaya, kana sassauta hannu ya ci gaba, kuma maimakon ya yi zafi, sanyi yake ɗauka a tafin hannu. Yana juyi 20,000 zuwa 25,000 a minti. Wajen share walda a lungun da babban dutse ba ya shiga, ko faɗaɗa ramin noti, ban ga kamarsa ba. Mai arahar dai ya fi rawa, ya fi saurin cin boris, ya kuma fi shan iska.

To, shan iskar nan shi ne inda gizo ke saƙa. Duba kwalin, za ka ga an rubuta 4 CFM ko kusa da haka, wato wajen lita 113 a minti. Mai shago zai nuna maka wannan, ya nuna maka kwamfiresa mai tankin lita 50 da aka rubuta wa lita 200 a minti, ya ce har da rara. Ba ƙarya ya yi maka ba, shi ma abin da ya gani ya karanta. Sai dai lissafin kwalin an yi shi ne a kan cewa sakan 15 kawai za ka danna a kowane minti. Ga injin kwance notin taya wannan daidai ne, fir-fir an gama. Mai gurza kuwa in ya danna ba ya saki. Don haka ka ninka huɗu, ka ga an doshi lita 450. Shi ma 200 ɗin nan na jikin kwamfiresa iskar da fistin ke zuƙa ce, wadda ke isowa bakin tiyo ba ta cika wuce kashi biyu cikin uku ba, mu ce 130.

Ga yadda abin yake a aikace. Tanki ya cika, allurar geji tana kan bar 8, inji ya mutu. Ka danna, ɗan injin ya ƙwalla ƙara mai tsini, tartsatsi na tashi, ranka fes. Kana kallo allura ta fara gangarowa, kwamfiresa ya tashi, amma allurar ba ta fasa sauka ba. Ƙarar ta koma gurnani, dutsen ya daina ci, sai shafar ƙarfen yake yi. Ka saki, ka tsaya riƙe da ƙugu, mai aiki yana kallonka. Daga bar 8 zuwa 6, tankin lita 50 iskar lita 100 kawai ya tanadar maka, ko rabin minti ba za ta kai ka ba. Tanki randa ce, kan injin shi ne famfo, girman randa kuma ba ya ƙara wa famfo gudu.

Abin da nake auna kowane kwamfiresa da shi: dokin inji ɗaya na gaskiya yana ba da wajen lita 100 a minti. Na ce na gaskiya, don wasu lambobin da ake mannawa a jikin tanki ado ne kawai. Ka duba farantin da ke jikin motar injin, doki uku kilowat 2.2 ne. Da ni ne kai, mai bel zan nema, doki uku, fistin biyu, tanki lita 100 ko 200. Zai ba ka kusan lita 300. Shi ma ba zai ƙoshar da ɗan injin ba in ka danne babu sassauci, amma ai aikin gaske akwai tsayawa, ka juya ƙarfe, ka duba, ka sake dutse, a nan yake cike giɓin. Ga shi bel yana sa fistin tafiya a hankali, ba kamar ƙananan nan da ke bin gudun motar kai tsaye, juyi 2,850 a minti, ga zafi ga ɗan karen ƙara.

Sai maganar wuta, wadda ka fi ni saninta. Lokacin tashi, motar kwamfiresa tana jan ninki uku ko fiye na abin da take ci in ta daidaita. Janareton da kake kunna fanka da firji da shi ba zai ɗaga ta ba. In kuma wuta ta zo ba ƙarfi, za ka ji tana kuka ta kasa juyawa, to kashe da sauri kafin ka ji ƙauri. Shi ya sa nake ganin hikimar masu faci da ke ɗaura injin fetur da bel. In can za ka bi, ka tabbata akwai bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, ka ja zobensa ka ji ya huce. Tankin da aka taɓa yi wa faci da walda kuwa, ko kyauta ne ka bar wa mai shi.

Tiyon nan siriri mai naɗewa ka bar wa masu hura ƙura, ka sayi mai faɗin ciki milimita 10, kada ya wuce mita 10 in ba dole ba. Ka saita geji a bar 6.3 kana danne da injin, ba yana ajiye ba. Kullum ka ɗiga masa man injin iska ɗigo biyu ko uku ta bakin tiyo, baƙin mai ya yi kauri, man birki kuma yana cinye roba. Da yamma ka buɗe ɗan famfon ƙarƙashin tanki, musamman da damina, za ka sha mamakin jan ruwan da zai fito.

Akwai wani ɗan abu da ke ɓata wa mutane rai. Bakin injin iri biyu ne, milimita 6 da kwatan inci, wato 6.35. Ido ba ya rabe su. In ka sa ƙota mai 6 a bakin kwatan inci, ko dai ta riƙa zamewa ko ka matse har bakin ya tsage. Ka tafi kasuwa da injin a aljihu ka gwada. Ka kuma karanta gudun da aka rubuta wa dutse, wanda bai kai gudun injin ba tarwatsewa yake yi. Tabarau dole ne, kai da yaron da ke riƙe maka ƙarfe, don ɓarɓashin da kai mai haƙora, wanda ake sawa a madadin dutse, ke watsowa tsini gare shi, ko a tafin hannu sai da allura ake ciro shi.

Yanzu ga ra'ayina, tunda ka tambaya. In gurzar ce kaɗai, ba na ganin dalilin kunna injin kilowat biyu don juya abin da bai kai rabin doki ba. Na lantarki, irin Makita GD0600, wat 400 ne, yana juyi 25,000, ƙaramin janareto ma ya ishe shi. Amma ka ce kana so ka fara fesa wa ƙofofi fenti da kanka, to wannan ya halatta sayen kwamfiresa, ɗan injin ya zama gyara. Kafin ka biya, ka ɗauko min hoton farantin motar da na kan injin in gani.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa maƙwabcinka mai shayi ina nan tafe bayan salla.

Naka,
amininka na Kano