Talabijin Daidai Aljihu: Abin Da Muka Duba Kafin Mu Biya

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kayan wuta suka yi tashin gwauron zabi, talabijin ma ba a bar shi a baya ba. Da membobi suka yi karo-karo don a sanya ɗaya a ofishinmu na Agege, mu aka ɗora wa nauyin sayen. Kuɗin ba su da yawa, kuma guminsu ne, don haka sai da muka yi lissafi kafin mu nufi kasuwar Alaba.

Da girma muka fara. Ɗakin ƙarami ne, sai muka tsaya a kan inci 32. Ana auna inci ne daga kusurwar gilashi zuwa kusurwar da ke kallonta, ban da baƙin gefe, kuma inci 32 kusan santimita 81 ne. Mun tafi da tef ɗin tela a aljihu, domin abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba. A wannan girman ba mu ga dalilin biyan kuɗin 4K ba, tunda hoton da ƙaramar dikoda ke turowa bai kai can ba.

Sai cin wuta. LED mai inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50, alhali tsohon plasma yana ninka haka sau uku ko fiye. Ga wanda ke dogaro da ƙaramin janareta ko sola, ko wanda ke layin Band A da aka ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, arhar plasma na hannu bashi ce da za a riƙa biya duk wata.

Mun daɗe muna muhawara kan sabo ko tokumbo. Wasunmu suka ce babban suna na hannu ya fi ƙaramin suna sabo ƙarko. Akwai gaskiya a ciki, amma tokumbo ba shi da garanti, kuma idan gilashinsa ya mutu, kuɗin canji yakan kusa kai kuɗin wani talabijin ɗin. Wasu da aka shigo da su daga Amurka ma na wutar 120 ne, mu kuma tamu 230 ce, sai an karanta takardar da ke manne a baya. Daga ƙarshe muka zaɓi sabo mara intanet. Labarai, ƙwallo da Arewa24 muke kallo, duk dikoda na kawo su. Rarar da muka samu muka sayi na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi ita ce ajalin talabijin da yawa.

A kasuwa mun wuce 'yan baranda muka shiga shago mai lamba. Muka sa aka buɗe kwali a gabanmu, aka kunna. Muka duba farin hoto da baƙi don gano ɗigo ko zane a gilashi, muka gwada kafar HDMI da ta USB, muka ƙure sauti. Lambar da ke jikin talabijin muka tabbatar ita ce a kwali, ita ce kuma aka rubuta a rasit da katin garanti. Jabu masu ɗauke da manyan sunaye suna nan, kuma alamarsu ta farko ita ce farashin da ya yi daɗi fiye da kima.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar inganci ba ce. Duk ɗan uwan da zai je saye, ya ware kuɗin mota, na ƙarfen maƙalawa a bango da na dikoda tun daga gida, sannan ya tafi da wanda ya san kayan wuta. Allah Ya sa albarka a abin da muke nema.