Ba'a Da Kabilar Wani A Wurin Hira

Kwalejinmu ta tara mutane daga wurare da yawa. A ɗakin kwana guda za ka sami Birom da Ngas da Tibi da Bajju da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, kowa da harshen da ya sha a nono, amma in an kashe fitila da dare da Hausa a ke hira, ko kuwa da Turanci. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Sai dai akwai wani hali da ya kan biyo hirar nan, wanda ni ke so mu duba tare, watau ba'a da kabilar mutum da kiransa da sunan da ba ya so. Wani ya kan jefo magana, a kwashe da dariya, shi wanda aka yi dominsa ya yi murmushin dole, a wuce. Ra'ayina shi ne, wanda ya ji irin wannan magana ya kamata ya buɗe baki ya tsawata, balle mu da za mu riƙe alli nan gaba kaɗan.

Na sani waɗansu za su ce, ai wasan kabila tsohuwar al'ada ce, mun tashi mun tarar da ita. Gaskiya ne. Fulani da Barebari abokan wasa ne, haka Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nupawa, Kanawa da Zazzagawa, Tibi da Fulani. Bafillace ya gamu da Babarbare a kasuwa, ko bai taɓa ganinsa ba, ya ce masa bawana, shi kuma ya mayar masa da wadda ta fi ta, su rabu suna dariya. Amma wasan nan yana da dokarsa. Dukansu biyu sun san da shi tun kaka da kakanni, sun kuwa yarda da shi. Kowa yana da ikon ramawa. In wahala ta sami ɗaya a baƙon gari, abokin wasansa ne ya kan fara tsaya masa. To, a auna abin da a ke yi a ɗakin cin abinci da wannan ma'auni. Mutum goma sun sa mutum ɗaya a tsakiya, suna kwaikwayon maganarsa, suna cewa mutanensa ɓarayi ne ko ƙazamai ko marasa wayo. Ba shi da wanda zai taya shi, in ya rama a ce ya cika zuciya. Wannan cin mutunci ne aka sa masa rigar wasa.

Mu dubi sunayen kansu. Kalman nan Inyamuri daga harshen Ibo aka ɗauko ta, daga maganar da ma'anarta ita ce ba ni ruwa. Ashe duk sa'ad da aka kira mutum da ita, ana yi masa dariya ne don ƙishirwa ta sa shi roƙon ruwa. Tibi ba su son a ce musu Munci. Labarin da a ke bayarwa shi ne wai Fulani sun ba su ajiyar shanu, da aka zo tambaya suka ce mun ci. Turawan mulki sun ɗauki sunan sun sa a takardunsu, har akwai lardin da aka kira Lardin Munshi kafin 1926. Tsakanin Tibi da Fulani labarin shanun nan abin wasa ne, amma a bakin wani dabam zagi ne. Mutanen da a ke ce wa Gwari, su Gbagyi su ke kiran kansu, ga shi kuwa an mai da sunan ya zama abin faɗa wa duk wanda Hausarsa ba ta fita ba, a ce yana gwaranci. Kalman nan arne kuwa kowa ya san nauyinta a ƙasarmu ta tsakiya. Bahaushe ma bai tsira ba. Aboki kalma ce mai daɗi, amma a Ikko da Fatakwal an juya ta, har ya zama in an ce wa ɗan Arewa aboki sau da yawa ana nufin jahili mai gadin ƙofa ko mai gyaran takalmi.

Domin wannan ne kabilu da yawa suka nace a kira su da sunansu na gaskiya. Waɗanda a da a ke ce wa Kaje su ne Bajju, Kataf su ne Atyap, Jaba su ne Ham, Yergam su ne Tarok, Sura su ne Mwaghavul, Ankwai su ne Goemai. Tun da mutum ya faɗa maka sunan da ya ke so, me zai rage ka da shi in ka kira shi da shi?

Akwai abin da ya kan ba ni mamaki a ɗakin hutawa ran da a ke kallon ƙwallo. A watan Mayu na 1923 ba mu nan, amma a watan Mayu na 2023 da yawa daga cikinmu sun gani da idonsu yadda 'yan kallo a filin Balensiya ta ƙasar Sifen suka riƙa yi wa Vinicius Junior, ɗan ƙasar Barazil, kukan biri domin shi baƙar fata ne. A watan Yuni na 2024 kotu ta yanke wa mutum uku daga cikinsu ɗaurin wata takwas. Duk baƙin mutum ya ji zafin abin nan a ransa, ya kuma ji daɗin hukuncin. Babu wanda ya ce ai wasa su ke yi. To, zafin da mu ke ji in Bature ya yi wa baƙar fata haka, shi ne ɗan'uwanmu ya ke ji sa'ad da aka yi masa a kan tebur ɗaya da mu.

Baki shi ke yanka wuya, in ji masu magana, tarihin ƙasan nan kuwa ya isa shaida. A 1966 an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. An zub da jini a Zangon Kataf a 1992, aka kuma zubar a Jos a watan Satumba na 2001. A ƙasar Ruwanda, a 1994, an hallaka mutum wajen 800,000 cikin kwana 100, yawancinsu Tutsi, bayan an daɗe ana kiransu kyankyasai har a gidan rediyo. Ban ce ba'a ce ta haddasa waɗannan ba, gama rigimar ƙasa da ta sarauta da ta siyasa suna ciki. Amma mutumin da ya saba jin ana kiran maƙwabcinsa da sunan raini tun yana yaro, ran da fitina ta tashi ba zai ga maƙwabci ba, sunan nan zai gani.

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, aka ba ni aji huɗu. A cikin ajin akwai wata yarinya baƙuwa, iyayenta ba su daɗe da zuwa garin ba, Hausarta ba ta nuna ba tukuna, amma ta fi kowa lissafi. Ran nan da lokacin tara muna zaune gindin mangwaro, sai wani dattijon malami ya shiga kwaikwayon yadda ta ke gaisuwa, ya kira ta da sunan da a ke raina kabilarta da shi. Malamai suka yi ta dariya. Akwai yara biyu tsaye kusa, an aike su kawo ruwa. Dattijon nan ya girmi ubana, yana kuwa cikin masu sa hannu a takardar shaidar aikina, saboda haka na jira sai da aka watse, na bi shi, na rusuna, na ce, "Baba Malam, a yi mini gafara. Yaran nan sun ji abin da aka faɗa, ina tsoro kada su kai shi aji." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, yaushe ka zo da za ka koya mini magana?" Na ce, "Ba koyarwa ni ke yi ba, Baba, roƙo ni ke yi saboda yarinyar." Ya kaɗa kai ya tafi.

Kashegari abin da na ji tsoro ya faru, ajin duka suna kiranta da sunan. Na tsai da darasi, na sa kowane yaro ya tashi ya faɗa mana yadda a ke cewa ina kwana da harshen gidansu, na rubuta a allo. Muka sami harshe bakwai a aji ɗaya, har da nata, kowa ya maimaita na kowa, kowa kuwa ya ji yadda harshensa ya ke karyewa a kan maganar wani. Duk da haka yarinyar nan ta yi mako biyu ba ta ɗaga hannu ba, ita da ta saba riga kowa. Dattijon ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ƙyar, amma har na bar makarantar ban ƙara jin ya faɗi sunan ba.

Tsawatawa ba sai da faɗa ba. In tsaranka ne ya yi, abu mafi sauƙi shi ne ka hana fuskarka dariya, gama mai ba'a dariya ya ke nema, in bai samu ba ya kan yi sanyi. Kana kuma iya tambayarsa a hankali, "Ban gane ba, ina abin dariyar?" In ya soma bayyanawa da kansa zai ji munin maganar a kunnensa. In ya ce ai ba da kowa ya ke ba, tuna masa cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda ya ke. Ka kama maganar, kada ka zagi mai ita, kada kuma ka rama da zagin tasa kabilar, domin in ka yi haka an sami ɓarna biyu ke nan. In babba ne, ka same shi shi kaɗai, cikin ladabi. Abin da ya fi duka wuya shi ne sa'ad da mai ba'an ɗan garinku ne, kuna zaune ku kaɗai, wanda a ke zagi ba ya nan. A nan ne maganarka ta fi amfani, gama daga bakin nasa mutum ya fi jin gyara. Za a ce maka ka cika iyayi, watakila hirar ta mutu na ɗan lokaci. Wannan ƙaramar hasara ce.

Tsarin mulkin ƙasa na 1999, a sashe na 42, ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda kabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa a 1973 domin samari da 'yan mata su zauna cikin waɗansu kabilu su san juna. Amma doka ba ta shiga ɗakin kwana, ba ta zama gindin mangwaro da lokacin tara. Mu ne a wurin. Kowanenmu in ya fita daga nan za a danƙa masa yara arba'in ko hamsin kowace shekara, abin da suka ga malaminsu yana yi wa dariya kuwa shi za su ɗauka abin dariya ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙonku, 'yan'uwana ɗalibai, mu fara tun daga nan kwaleji. Ka tambayi wanda ku ke ɗaki ɗaya sunan da mutanensa su ke kiran kansu, ka kira shi da shi, ka kuma koyi gaisuwarsu. In an taɓa shi a gabanka, kada ka bar shi shi kaɗai da murmushin dole. Allah ya ba mu ƙarfin zuciya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.