Mabiyiya da shinkafar Titi na 116

Wanda ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2 ko 3 a Titi na 116 a Harlem, koriyar kubbar Masallacin Malcolm Shabazz ce za ta fara tarbarsa. Yamma da nan ake kira Ƙaramar Senegal: shagunan kitso, atamfa, manja, busasshen kifi, da gidajen abinci masu zuba shinkafa har faranti ya yi tozo. Wolof da Faransanci sun cika titin. Hausa kuwa sai ka kasa kunne.

Nan nake cefane ran Asabar, kuma da yake bincikena a jami'a kan girman ɗan tayi ne, idona ba ya barin masu juna biyu. Abin da ake gaya musu shi ake faɗa a Katsina: ki ci, ai ku biyu ne.

Sinadarin da nake bibiya sunansa leftin. A garin nan aka gano shi a 1994, a ɗakin binciken Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller, kusan tituna hamsin kudu da masallacin. Kitsen jiki ke fitar da shi, ya bi jini ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a sassauta ci. A 1997 masu bincike a Japan suka nuna mabiyiya ma tana yin sa. Wato abin nan da muke binnewa a bayan ɗaki ba tare da an ko dube shi ba, wata tara yake yi yana aika saƙo. Leftin ɗin uwa yana ƙaruwa sosai, amma ba ta daina jin yunwa, domin ƙwaƙwalwarta ta rage sauraronsa don ta tara wa goyo. Tana haihuwa yake sauka.

Shi ma ɗan tayi yana yin nasa, musamman a watanni uku na ƙarshe da yake tara kitse. Idan aka auna jinin cibiya, jaririn da bai girma sosai ba leftin ɗinsa kaɗan ne, na mai ciwon suga kuwa yakan yi yawa, shi kansa ya fito ƙato. A gwajin ɓeraye an ga leftin yana cikin abin da ke shimfiɗa hanyoyin yunwa da ƙoshi a ƙwaƙwalwar jariri.

Shi ya sa tubarkallar da ake yi wa ƙaton jariri ranar barka takan tsaya min a rai. Wanda ya haura kilo 4 kafaɗarsa na iya maƙalewa wurin haihuwa, kuma ya fi fuskantar ƙiba da suga idan ya girma. Ba a auna leftin a awon ciki, amma ana gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28, kuma shi ne matan da ke tsaye kan kitso har dare suka fi saurin ɗagewa, wasu don aiki, wasu don tsoron a tambaye su takardu.

Asibitin Harlem yana Titi na 135, tasha biyu daga nan. Na gwamnatin birni ne, ba ya korar kowa don rashin takardar zama, kuma tafinta kyauta ne. A jihar New York, mai ciki mai ƙaramin ƙarfi na iya samun inshorar Medicaid ko da takardunta ba su cika ba.