Motar da ke zabura in ta canja giya

Tsohuwar Marsandi mai shan man gas, ƙirar 1982, da kanta ta ke canja giya. Tawa kuwa, in na tashi daga Damba zuwa Tsafe, sai ta riƙa zabura kamar an bangaje ta. Wani makanike ya ce a sauke giyabos, aikin da zai cinye mini kuɗin gero na bana.

Na ce a duba mai tukuna. Ja ne, babu ƙauri. To, injin gas ba shi da zuƙar iska irin ta injin fetur, saboda haka aka yi masa famfo, da siririn tiyo zuwa giyabos. Zuƙar nan ita ke tausasa canjin. Muka bi tiyon, ashe zafi ya tsaga shi. Da muka sa sabo, zabura ta ƙare.