Hutun yaro da damanar kaka

A farkon watan Yuli ƙanena da ke zaune a birnin Montreyal na ƙasar Kanada ya kira ni, muryarsa cike da murna. Ya ce: "Yaya, na kai ɗanka sansanin hoki na mako biyu." Sai ga hoto ya biyo baya: yaro ɗan shekara 11 da hular kwano, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, riƙe da sanda mai lanƙwasa a kan daɓen ƙanƙara. A waje lokacin zafi ne, injuna ne ke daskarar da ruwa cikin zauren. Ƙanena ya ce a birnin nan, inda aka fara tsara wasan hoki cikin zaure a 1875, yaron da bai iya zamiya kan ƙanƙara ba baƙo ne tsakanin sa'o'insa.

Na taya shi murna, amma ni ma a makon nan wata shawara irin tasa ce ta hana ni barci. Ɗana mai shekara 13 ba ya da zance sai na Abdul Razak Isufu Alfaga, wanda ya kawo wa Nijar lambar azurfa ta tekwando daga wasannin Olimpik na Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ya samu labarin cewa za a yi horon wata guda a Damagaram cikin babban hutu, ga kuma goggonsa a can da za ta riƙe shi. Kuɗin mota da na kaya ba su gagare ni ba. Abin da ya yi mini nauyi shi ne Baba, wanda kowace damana yake jiran jikansa a ƙauyenmu na gefen Dungas. Ƙarfinsa ya ragu, gero ya tsiro, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa.

Na sayi goro na tafi. Bayan gaisuwa na sunkuyar da kai na faɗi abin da ke tafe da ni. Baba ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce: "Wasa da damana? Mu ma mun yi kokowa, amma sai hatsi ya shiga rumbu. Almajiri ma sai an gama kaka yake ɗaukar allonsa ya yi gaba."

A hanyar komowa Magariya na yi ta juya maganar, na ga Baba bai ƙi wasa ba, bai kuma ƙi a tura yaro nesa ba, tunda shi ne ya tura ni makarantar boko. Lokaci ne yake karewa. Bahaushe ya daɗe yana aika ɗansa neman abin da gida ba ya iya koya masa, sai dai yana jiran gona ta sallame shi. Gasar takobi ta kokowar gargajiya, wadda aka fara a Tawa a 1975, ita ma bayan girbi ake yin ta. Babban hutun da muka gada daga tsarin Faransa kuwa ya faɗo daidai damana, don haka ga ɗan manomi bai taɓa zama hutu ba. Mu malamai mun san haka. A watan Oktoba mukan ce wa ɗalibai su rubuta da Faransanci yadda suka yi hutunsu, sai su kawo mana bakin teku da ba su taɓa gani ba, su ɓoye hauyar da ta yi musu kanta a hannu, kamar abin kunya ce.

Bayan kwana uku Baba da kansa ya aiko: a bar masa abokinsa ya yi noman fari da maimai, in gero ya rufe ƙasa a kai shi. Haka aka yi. Yaron ya rasa rabin horon, ya yi fushi da ni, ya daina cin abinci tare da ni na ƴan kwanaki. Tsakiyar Agusta na raka shi tasha, ya kama hanyar nan ta kimanin kilomita 90 zuwa Damagaram. Da ya miƙo mini hannu na ji tafinsa ya yi kaushi irin na kakansa. Ya dawo kafin yankan gero, da farar rigar horo a cikin jaka, ya nuna wa Baba yadda ake ɗaga ƙafa har ta wuce kai. Tsohon ya yi dariya ya ce wannan a filin kokowa faɗuwa ce.

Saboda haka ina da roƙo ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. In za mu shirya wa yara horon wasa ko na fasaha cikin hutu, mu duba gona kafin mu sa rana. Tsakanin maimai da girbi akwai makonnin da aiki ke sassautawa, a nan ya kamata a sa shi. Mu kuma yi ƙoƙarin kawo masu horarwa Magariya da Dungas, domin ba kowane yaro ne ke da goggo a Damagaram ba.