Tabkin Gidimuni ne tekunmu, kada mu cinye shi da ƙwansa



Mu ba mu da teku. Mafi yawanmu a talabijin muka san shi, sai 'yan kasuwarmu da ke zuwa Kwatano ko Lome ɗauko kaya su dawo suna ba mu labarinsa. Amma mun san darajar ruwa fiye da waɗanda suka tashi a bakin tekun. Duk wanda ya girma a Birni ko Zango ko Garin Malam ya san bin layin famfo da jarka tun kafin asuba. Har a tarihi an rubuta cewa ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. To mutanen da suka sha wannan wahala, ya aka yi muke wasa da ɗan ruwan da Allah Ya ba mu?

Abin da ya kawo wannan magana shi ne wata tafiya da muka yi kwanan baya zuwa Gidimuni, bisa hanyar Gure, kimanin kilomita 70 gabas da birnin Damagaram. Muna yara, in mota ta kawo nan kowa sai ya miƙe wuya yana kallon ruwa shimfiɗe, ga dabino da rake, ga tsuntsaye fari fat a gefe. Wannan karon da muka tsaya sayen kifi, abin da aka fara miƙo mana a faranti 'yan karfasa ne da ba su kai tsawon yatsa ba. Muka saya, muka ci, har da ƙarin yaji. Sai a cikin mota wani daga cikinmu ya ce, ku san fa kifin baɗi muka cinye yau. Kowa ya yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Wani dattijon masunci da muka zauna da shi a inuwa ya ba mu labarin yadda ake yi a zamanin iyayensu. Ba kowa ke shiga ruwa ranar da ya ga dama ba. Sarkin ruwa ke cewa a shiga, shi ke cewa a dakata. In damina ta faɗi, tarwaɗa ta fito gefe cikin ciyawa tana zuba ƙwai, sai a ɗaga mata ƙafa. Ita karfasa kuwa uwar a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, wanda ya kama ta a wannan hali ya kashe ɗaruruwa da hannu ɗaya. Muka ce, Baba, yanzu fa? Sai ya nuna mana wani tsohon gidan sauro da aka shanya bisa ƙaya. Wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, shi wasu ke ja cikin ruwa, yana kwashe komai, babba da jariri.

Bayan gidan sauro ga kacalla, wannan doguwar ciyawa da ke cin gefen tabki tana matsowa tsakiya, ta toshe hanyar jirgi, ta hana dabbobi isa ruwa, ta zama masaukin jan-baki mai cinye gero. Ga rairayi da iska ke turowa daga tuddan da aka sare itatuwansu, yana cike ƙasan tabkin sannu a hankali. Ga maganin ƙwari na lambu da ake wanke tulunsa a bakin ruwa. Ga leda, wadda mu 'yan birni muka fi kowa laifi a kanta. Dubi tabkin Kanya a nan cikin gari, ka ga abin da muke zubawa a ciki.

Duniya ta san da waɗannan ruwaye namu. Akwai wata yarjejeniya ta kare fadamu da tabkuna da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987. Tabkin Lasuri na jiharmu ya shiga jerin wuraren da take karewa a 2005, na Gidimuni kuma ya shiga a 2019 tare da na Madarunfa a jihar Maraɗi. Babban dalili shi ne tsuntsaye. Waɗansu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da muke gani lokacin hunturu daga Turai suke tasowa, su ƙetare bahar da hamada, su sauka a nan su huta su ci abinci. Danginsu ne ke sauka a gaɓar tekun Muritaniya da Senegal. Ke nan tabkinmu zango ne a hanyar da ta haɗa mu da teku, ko da ba mu taɓa ganinsa ba.

Sai dai takarda ba ta gadin ruwa. Sunan Gidimuni na cikin kundi a Turai, amma da tsakar dare in wani ya shiga da gidan sauro, ba ɗan Ramsar ne zai gan shi ba. Maƙwabcinsa ne zai gan shi. Jami'an gandun daji suna ƙoƙari, suna zuba irin kifi a tabkuna, suna kama masu laifi, amma su nawa ne, tabkunan nawa?

A nan ne labarin mutanen bakin teku ya amfane mu. A yankin Salum na Senegal akwai wani rafin ruwan gishiri da ake kira Bambung. Da kifi ya yi ƙaranci, ƙauyukan da ke kewaye suka yarda a rufe shi, suka fitar da masu gadi daga cikin 'ya'yansu, gwamnati ta tabbatar da abin da doka a 2004. Cikin 'yan shekaru manyan kifaye suka dawo. A Madagaska ma, a wannan shekarar, masuntan wani ƙauye mai suna Andabaduka suka gwada rufe wani yanki na teku na 'yan watanni, da aka buɗe suka ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya. Ba sai mun je nesa ba ma. A Argungu, wurin nan na Matan Fada ana hana su a cikinsa sai lokacin biki, shi ya sa ake fito da kifin da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Duk dabarar ɗaya ce: a bar ruwa ya huta, kuma masu ci daga gare shi su ne masu tsaronsa.

In wani ya ce mutanenmu ba su iya irin wannan ba, mu tuna masa da abu biyu. Na farko shamuwa. Tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙa a tsakiyar ƙauye, bisa itacen da yara ke wasa a ƙarƙashinsa, ba mai taɓa ƙwanta. Babu soja, babu tara. Kakanninmu ne kawai suka ce ba a yi, muka ji. Ita kuma tana biyan mu da cin fara a gonaki. Na biyu gawo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman Mirya da Magarya da Matamai suka riƙa barin tohon itace a gona maimakon sarewa, yau miliyoyin gawo ne tsaye, har masana na zuwa daga ƙasashen waje su gani. Mutanen da suka iya haƙuri da itace shekara goma, za su kasa haƙuri da kifi wata uku?

Mun san ba abu ne mai sauƙi ba. Mai jan gidan sauro ba mugu ba ne, yara ya baro a gida ba a ɗora tukunya ba. Wanda ya ƙoshi a birni bai kamata ya yi masa wa'azi daga nesa ba. Shi ya sa in za a rufe ruwa, dole a yi shi da shawarar masuntan kansu, da sarkin ruwa, da mai gari, da masu lambu, da makiyayan da ke kawo shanu, da matan da ke soya kifi a bakin hanya. Kuma a haɗa lokacin da wani aikin da zai kawo ɗan abin sawa a baki. Yankan kacalla aiki ne, in aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa saiwarta na shaƙewa ta mutu, kuma a kogin Senegal har gawayi ake yi da ita. Kafa shinge a tuddan rairayi aiki ne. In magajin gari ko wata ƙungiya na da kuɗin aikin gayya, nan ya dace su sa su.

Mu kuma da ke saye, namu rabon ya fi sauƙi, shi ya sa kunyarsa ta fi yawa. Mun yi wa kanmu alkawari cikin motar nan cewa ba mu ƙara sayen kifin da bai kai tafin hannu ba, ko a Gidimuni ko a kasuwar Dole. In babu mai saye, babu mai kamawa. Ba mu ƙara jefa leda ta tagar mota a bakin ruwa. Yaranmu masu danƙo za mu gaya musu abin da aka gaya mana a kan shamuwa, mu ƙara musu da zalɓe da kirinjijiya. Malamanmu kuma muna roƙonsu su riƙa taɓo wannan a huɗuba, tunda addini ya hana ɓarna da almubazzaranci ko da a bakin kogi mutum yake alwala.

'Yan uwanmu na Gidimuni da Lasuri da sauran garuruwan Korama, ku kuka fi mu sanin ruwan nan. Ku zauna ku tsai da watannin hutu da girman idon raga, ku kai wa hukuma ta sa hannu, mu kuma mu tsaya bayanku.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika mana tabkunanmu, Ya sa jikokinmu su tarar da kifi a cikinsu. Amin.