Daga Nima Zuwa Larabanga: Mun Je Farautar Taurari

A wannan wata mun zo maku da labarin wata tafiya da muka yi mu huɗu daga Nima, cikin birnin Akra, zuwa ƙasar Gwanja, ba don fataucin goro irin na kakanninmu ba, sai don ɗaukar hoton wani abu da ke can sararin samaniya.

Asalin maganar kuwa, wani yaro ne a makarantarmu ta dare ya ɗaure mu da tambaya. Ya ce kakarsa tana yawan ambaton Kaza da 'Ya'yanta, shi kuwa bai taɓa ganinsu ba, yana so a nuna masa. Muka kwashi yara muka hau bene, muka ɗaga kai. Abin kunya, sama ta yi ja da hasken lantarki da hayaƙin motoci, taurarin da muka iya ƙirgawa ba su taka kara sun karya ba, Kaza kuwa ko alamarta. Daga nan ne ɗaya daga cikinmu, malamin kimiyya wanda ya daɗe yana tara kuɗin kayan hoto, ya ce mu je inda dare yake dare, mu ɗauko masu Kazar, har ma da abin da ya fi ta nisa, wato garken taurarin da masana ke kira Andromeda.

Bari mu ɗan yi bayani. Ranarmu da duk taurarin da ido ke gani suna cikin garke ɗaya ne, wanda Larabawa ke kira Darbut Tabbana. Andromeda wani garke ne dabam, maƙwabcinmu, wanda ake ƙiyasta taurarinsa sun kai biliyan dubu. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan guda, amma duk da haka sai ya yi shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mana daga can. Malami Abdurrahman al-Sufi, mutumin Farisa, shi ne ya fara rubuta labarinsa wajen shekarar 964, inda ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare. Wanda ya ɗauki shahararren hotonsa a 1888 kuwa, Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine ne a Ingila, sha'awa ce kawai ta kai shi. Sai a 1923 Edwin Hubble, a Amurka, ya gano a cikinsa wani tauraro mai ƙara haske yana ragewa, wanda da shi aka auna nisan, aka tabbatar ashe ba cikin garkenmu yake ba.

Mun zaɓi farkon Nuwamba na 2024 saboda dalilai uku. Damina ta ɗauke a arewa, hazon hunturu da ƙunar daji ba su kankama ba, sannan ƙarshen watan Rabi'us Sani ne, babu farin wata da zai dusashe taurari. Muka tashi bayan sallar asuba ta hanyar Nsawam, kusa da Kuntunse inda aka mai da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraren sararin samaniya a 2017. Muka kwana Kumasi wajen 'yan'uwa. Kashegari muka bi Techiman da Kintampo, muka haye Baƙin Volta a Buipe, a mararrabar Fufulso muka karya yamma zuwa Damongo. Tun daga Kintampo daji ya fara sauya kama, manyan itatuwan kurmi suka ba da wuri ga kaɗanya da ɗorawa da kuka, har wani cikinmu ya ce shi fa ya fara jin ƙanshin gida.

La'asar sakaliya muka shiga Larabanga, ɗan gari da ke bakin gandun dajin Mole. Duk wanda ya zo nan, tsohon masallacin ƙasa ne yake fara kai wa ziyara: fari fat, da itatuwa sun fito daga jikin bangonsa, ga tsohuwar kuka a gefensa. Mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. Mai masaukinmu wani dattijo ne mai jin Hausa sosai. Da ya ga muna sauke kaya sai ya ce, "Samari, in giwaye kuka zo ɗauka, sai da safe." Muka ce, "A'a Baba, taurari muka zo ɗauka." Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Su dai ba su gudu."

Nan fa Baba ya yi kuskure, domin gudunsu shi ne dukan wahalar aikin. Duniya tana juyawa, saboda haka taurari suna tafiya daga gabas zuwa yamma, digiri 15 a kowace awa. Hasken Andromeda kuwa raunana ne ƙwarai, dole a bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci ya tara shi. Da madubin da muka zo da shi, mai tsawon milimita 135, in an wuce sakan uku ko huɗu sai kowane tauraro ya zama ɗan layi. Maganin wannan shi ne wata 'yar na'ura mai batir da ake ɗorawa bisa ƙafa uku, a ɗaura kyamara a kanta. Tana juyawa a hankali, zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56, daidai da juyin duniya, ta yadda kyamara za ta riƙa bin tauraro kamar makiyayi a bayan saniya.

Amma akwai sharaɗi. Sai an saita gindin na'urar ya dubi tauraron arewa, wanda sauran taurari ke kewayawa. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya. A Akra digiri biyar da rabi ne kawai, gine-gine da hazo sun rufe shi. A Kano digiri 12 ne, a Agadas 17. A Larabanga kuwa wajen 9, wato in ka miƙa hannu ka dunƙula, bai wuce faɗin dunƙulen ba daga ƙasa.

Da aka idar da sallar isha'i muka fita bayan gari, wani fili a gefen gona. Muka kashe fitilu, sai 'yar tocila ɗaya da muka rufe da jar leda, domin ido yana bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma yana ɓata wannan nan take. Jama'a, gani ya kori ji. Zara ta riga ta faɗa yamma, ga Kaza da 'Ya'yanta sun taso daga gabas a cure wuri ɗaya, ga farin layin garkenmu ya ratsa sama kamar an watsa gari. Muka yi shiru. Wani cikinmu da aka haifa a Nima, mai shekara fiye da talatin, ya ce wallahi bai taɓa sanin haka sama take ba.

Daren farko dai asara muka yi. Akwai wata ɗorawa a arewa da filin, ashe ta tare tauraron da muke nema, muka saita na'ura a kan wani dabam. Muka yi awa biyu muna ɗauka, sauro na cizo, muna murna. Da muka duba da kyau, kowane hoto taurarinsa sun ja wutsiya. Raɓa kuma ta sauka a kan madubi, batir ɗaya ya mutu. Muka koma masauki jiki a sanyaye, ga shi dare ɗaya ya rage mana, domin ranar Litinin kowa na da aiki.

Da safe muka ba Baba labari. Ya ce, "Wanda ba ya motsi kuke nema? Ai da kun tambaya." Da magariba ya ɗauki sandarsa ya kai mu wani tudu inda babu itace ta arewa, ya nuna da sanda. Muka gwada da taurari biyar ɗin nan masu siffar harafin W, waɗanda ake kira Kasiyopiya, muka ga lalle shi ne. Malaminmu ya durƙusa ya leƙa ta ɗan madubin da ke cikin na'urar ya daidaita, domin shi kansa tauraron ya ɗan goce daga ainihin cibiyar da abin da bai kai digiri ɗaya ba. Muka naɗe madubin kyamara da safa saboda raɓa.

Wajen ƙarfe goma Andromeda ya hau can sama ta arewa. Da ido, ɗan dusu-dusu ne kamar yadda al-Sufi ya faɗa, kuma ya fi fitowa in ka dube shi ta gefen ido. Muka ɗauki hoto 100, kowanne na minti ɗaya, sannan muka rufe madubi muka ɗauki wasu 20 na duhu zalla, waɗanda ake amfani da su a cire dattin da kyamara kanta ke haifarwa. Hikimar yawan hotunan ita ce, in kwamfuta ta ɗora su bisa juna, hasken gaskiya yana taruwa, dattin kuwa yana kashe juna. Hoto 100 ya fi guda ɗaya tsabta sau goma. Kafin mu naɗe kaya muka juya kan Kaza, don cika alkawari.

Sai da muka koma Akra muka haɗa su da wata manhaja ta kyauta mai suna Siril. Sannu a hankali abin ya bayyana: tsakiya mai haske kamar ƙwai, faifai a karkace, da baƙaƙen layukan ƙura sun kewaye shi, ga wasu ƙananan garkuna biyu a gefe. Faɗinsa a sama ya kai na wata cikakke sau shida, idonmu ne kawai ba ya iya gani.

Mun wanke hotunan biyu mun manna a bangon makaranta, mun kuma aika wa Baba nasa. Yaron nan ya daɗe yana kallon Kaza, sannan ya ce, "Malam, to yaushe za a kai mu mu gani da idonmu?" Tambayar ke nan da muke miƙa wa iyaye da shugabannin zango. Ba sai an je Larabanga ba, ba kuma sai da kyamara ba. Duk wanda zai kai yara ƙauye hutu, ya zaɓi daren da babu wata, ya fita da su bayan gari, ya nemi tsoho ya faɗa masu sunayen taurari tun masu sanin suna raye.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.